Kano da Sana'ar Rini

Idan Bahaushe ya so ya ce wane mawadaci ne ba tare da ya ambaci kuɗi ba, sai ya ce mai hannu da shuni ne. Yau ana faɗin haka ga mutumin da bai taɓa ganin shuni da idonsa ba, balle ya shafi hannunsa. Amma a zamanin da maganar a fili take. Riga kore da rawani ɗan Kura su ne suturar manya, kowa ya sa su, ko ya yi cinikinsu, sai shunin ya zuba masa a hannu da wuya. Talaka mai farar taguwa ba shi samun wannan tabo. Dukiya da shuni tare suka taso a ƙasar Hausa, ba kuwa inda suka taso kamar ƙasar Kano.

Sunan birni ne ya tafi duniya, amma a gona aikin ya fara. Wanda ya fita Kano ta ƙofofin yamma, watau Kabuga ko Kansakali ko Waika, ya nufi ƙasar Tofa, sai ya yi ta tafiya bai ga daji ba. Gona tana manne da gona, gida yana hangen gida, tun daga Janguza da Langel har Lambu da Doka da Tofa kanta, har a shiga ƙasar Dawaki. Itatuwan da ke tsaye cikin gonakin, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da rimi, kowanne da mai shi. Haka ƙasar take kewaye da birni ta kowace fuska, Ungogo da Gezawa da Kumbotso da Kura duk ɗaya ne. Mutane sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, saboda haka tun zamanin kakanni ba a barin gona ta zama saura. Abin da ya riƙe ta kuwa taki ne. A da, da rani, jakuna kan shiga birni da itace da kara da hatsi, su komo da mangaloli cike da shara da toka da kashin dabbobi, a zuba a gona tsibi-tsibi kafin saukar ruwa. Birni ya ci daga rumbun ƙauye, ƙauye ya ci daga jujin birni.

To, damina a wannan ƙasa wata huɗu ce ko biyar. Idan an yi girbi an kai amfani rumbu, sauran watannin fa? Mutumin da gonarsa ƙarama ce ba shi iya naɗe hannu ya jira wata damina. Dole ya nemi sana'ar rani. Wani ya kama ƙira, wani jima, wani dukanci, wani ya bi ayari fatauci. Amma da yawa sai suka kama abin da ya shafi tufa, gama kayan aikin a gonarsu yake. Ga auduga, ga kuma baba, wannan ɗan tsiro mai ƙananan ganye da ake shukawa a gefen gona ko a bayan gida. Matsin ƙasa da tsawon rani su ne suka mai da manoman Kano masaƙa da marina.

Birnin kansa tsoho ne ƙwarai. Masu binciken tarihi ta hanyar tonon ƙasa sun sami alamun narka tama a dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano ya fara jerin sarakuna daga Bagauda, wanda aka lissafa hawansa wajen 999, ya ce kuma jikansa Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa. A zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci. Wannan ya ƙara wa tufa daraja, domin mai salla yana bukatar sutura, malami yana bukatar rawani, mamaci yana bukatar likkafani. Sa'an nan aka yi Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya faɗaɗa ganuwa, ya gina gidan sarauta da har yanzu ake kira da sunansa, ya kafa kasuwar Kurmi a bakin Jakara. A zamaninsa ne Shaihu Magili ya sauka Kano ya rubuta masa littafi a kan yadda ake riƙon jama'a. Marinan Ƙofar Mata suna cewa a 1498 aka kafa karofinsu, watau a ƙarshen sarautar Rumfa ke nan. Gado ne na baka, daga uba zuwa ɗa, ya kuma dace da zamanin, gama inda aka kafa babbar kasuwa nan masu sana'a kan taru.

Ba kullum sarakuna suka san darajar kasuwar nan ba. Tarihin Kano ya ba da labarin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, wanda ya ɗora wa Kurmi haraji mai nauyi har ta kusa mutuwa, Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina. Cikin ƙarni na 18 Katsina ce ke gaba a ciniki. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka fara a 1804, shi ya juya al'amarin. Haɓen Katsina da aka kora suka kafa Maraɗi, suka yi ta kawo hari shekara da shekaru, hanyoyin Katsina suka zama abin tsoro. A Kano kuwa Sarki Ibrahim Dabo, 1819 zuwa 1846, ya kwantar da tawaye, ya kafa ribaɗi a wurare irin su Fanisau da Ungogo don tsare birni ta arewa. Fatake ba su da gari sai inda aka zauna lafiya. Sai suka yi ta kwararowa, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da Larabawan Gadamas, da Nufawa gwanayen saƙa. Daular Sakkwato kuma ta zama kasuwa guda, wuri shi ne kuɗinta, mutum ya tashi daga Gwandu har Adamawa da kayansa.

A nan ya kamata a tsaya a duba yadda ake aikin, domin wanda bai san wahalarsa ba ba zai gane tsadar riga kore ba.

Da kaka akan yanke baba a sassare shi a shanya, wasu kuma su daka ganyen su cura shi su ajiye. Launin yana ɓoye cikin ganyen, ko an jiƙa shi a ruwa zalla ba zai kama tufa ba. Sai an haɗa shi da ruwan toka an bar shi ya ruɓa. Marini ya cika raminsa da ruwa, ya zuba toka da ƙonannen katsi, ya zuba baba, ya rufe da murfin da aka saƙa da ciyawa. Kwana da kwanaki ramin yana aiki shi kaɗai, gama akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke cin ganyen suna sakin launin. Sa'an nan a kwashe tarkacen, a shiga motsawa da doguwar sanda safe da yamma, har kumfa ta taso mai ƙyalli. Ba ma'auni, ba agogo. Marini da hanci yake sanin ramin ya nuna, da ido, wani har ya ɗanɗana da harshe. Idan toka ta yi yawa rini ya ƙi kamawa, idan ta yi kaɗan ramin ya lalace, kuɗin baba da wahalar kwanaki su tafi a banza. Shi ya sa ba a koyon rini a shekara guda. Yaro kan fara da ɗebo ruwa da shanya, ya daɗe kafin a yarda ya haɗa rami da kansa.

Wanda bai taɓa gani ba yakan yi mamaki in aka tsamo farin ƙyalle daga ramin, domin kore-kore yake fitowa, ba shuɗi ba. Iska ce ke mai da shi shuɗi yana hannun marini. Saboda haka aikin tsomawa ne da ɗagawa, a tsoma a matse a ba shi iska, a sake tsomawa. Mai son shuɗi mai haske, kaɗan ya ishe shi. Mai son baƙi wuluk sai an yini ana yi, a shanya, gobe a koma. In ƙarfin ramin ya ƙare, sai a kwashe laka da ta kwanta a ƙasansa, ita ce katsi, a cura a busar a ƙona, ta koma cikin sabon haɗi. Ba abin da ake zubarwa.

Katsin nan kuwa shi ya buɗe wa Kanawa wata ƙofa. Da fari a cikin manyan tukwane ake rini, tukunya kuwa komai girmanta tana da iyaka, ga ta da saurin fashewa. Sai magina suka gano cewa in an haɗa ƙonannen katsi da gashin dabba da ruwan dafara, akan sami wani abin shafe mai ƙarfi wanda ruwa ba ya ratsawa. Shi ne laso. Da shi aka riƙa shafe cikin rami mai zurfi, wanda ya fi tsawon mutum nesa, ya ci ruwa da baba ninkin abin da tukunya ke ci, ya kuma yi shekaru bai yoyo ba. Rini ya yi sauƙi, kaya suka yi yawa. Da wannan laso ne kuma attajirai ke shafe sorayensu don kada ruwan sama ya ci ginin. Ba a san sunan wanda ya fara haɗa shi ba a cikin jerin sarakuna da mayaƙa, amma kaɗan ne daga cikinsu suka amfani ƙasar kamarsa.

Kafin ƙyalle ya kai bakin rami ya riga ya bi hannu da yawa, hannun farko kuwa na mata ne. Su ke gurzar auduga su fid da angurya, su shiɓe ta da baka, su kaɗa zare da mazari, ga alli a gefe suna shafawa a yatsa. Matar aure a cikin gida, da tsohuwa a bakin ɗaki, da budurwa mai tara kayan ɗaki, kowace tana da abin da take samu daga kaɗi, kuɗinta ne kuma, ba na miji ba. Masaƙi ɗaya yana cinye zaren mata da yawa. Shi kuma ya zauna a masaƙarsa a gindin itace, ya ja zaren can nesa ya ɗaure da kunkuru, yana jefa ƙoshiya, yana fid da ƙyalle siriri mai tsawo. Maɗinki ya harhaɗa ƙwarya da ƙwarya ta zama zane ko riga ko rawani. Daga nan sai marina. Bayan marina kuma sai 'yan bugu, waɗanda ke ninke tufar su ɗora bisa gungumen itace mai santsi, su barbaɗa shuni, watau tataccen launin baba da aka busar, da ɗan ruwa da ɗan kitse, su yi ta dukanta da manyan mabugai. Mutum biyu ko uku suna fuskantar juna, wannan ya ɗaga wannan ya sauke, ana jin amon tun daga nesa. Ba su bari sai tufar ta yi sheƙi kamar ƙarfe. Sa'an nan a naɗe ta cikin takarda don kada sheƙin ya dushe.

A wannan fanni ba garin da ya kai Kura, kudu da birni. Can ake yin turkuɗi, wanda faɗin kowace ƙwaryarsa bai kai yatsa biyu ba, a jera su da yawa a ɗinke da hannu, a rina, a buga. Shi Buzaye ke naɗawa su rufe fuska, matansu su lulluɓa. Ayarin Azbin kan sauko kowace shekara da gishirin Bilma da dabino, ya koma da hatsi da turkuɗi. Shunin yana zuba a fatarsu, ba su kuwa ƙinsa, ado ne a wurinsu, har Turawa suka riƙa kiransu shuɗɗan mutane. Ga abin mamaki, alamar da duniya ta san mutanen hamada da ita a ƙauyukan Kano ake yin ta.

Baƙi biyu daga Turai sun ga wannan ciniki da idonsu sun rubuta. Na farko Kyaftin Clapperton ne, wanda gwamnatin Ingila ta aiko, ya iso Kano a 1824, ya je ya gai da Sarki Dabo a Fanisau. Abin da ya fi burge shi a Kurmi shi ne amana. Ya ce kowane ƙunshin riga ko turkuɗi akwai sunan dillali a rubuce a ciki. In mutum ya saya ya tafi da shi har Barno bai kwance ba, ya buɗe can ya tarar da aibi, sai ya aiko da shi, dillali ya nemo mai kaya, dokar Kano ta tilasta masa ya mai da kuɗi. Mai karatu ya lura da wannan. Kyawun rini kaɗai ba shi kai kaya tafiyar wata biyu, sai mai saye ya tabbata ba za a cuce shi ba.

Na biyu Dokta Barth ne, Bajamushe, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim. Ya zo a 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Ya ƙiyasta mazaunan birni 30,000, ya ce lokacin da fatake suka cika gari sukan kai 60,000. Ya ce tufafin Kano suna zuwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, da Barno ta gabas, da Adamawa ta kudu, da Tambutu ta yamma har bakin teku. Na Tambutu kaɗai ya lissafa kayan raƙumi 300 a shekara, na wuri miliyan 60. Hanyar da suke bi ma abin a ji ce. Saboda rashin lafiyar hanyar da ta miƙe yamma, sai a kai su arewa Gat da Gadamas, a juya Tuwat, sa'an nan a gangaro Tambutu, duk da haka a sayar a ci riba. Jimlar tufafin da ake fitarwa a shekara ya sa ta wuri miliyan 300. A lissafinsa kuma wuri 50,000 zuwa 60,000 yana riƙe gida guda shekara ɗaya, da ci da sutura. Watau kuɗin tufafin nan zai riƙe gida 5,000 ko fi. Bayan tafiyarsa abin ƙaruwa ya yi ta yi. Wani masani, Philip Shea, wanda ya bi ƙauyukan Kano yana tambayar tsofaffin marina, ya gama littafinsa a 1975, ya ƙiyasta cewa a ƙarshen ƙarni na 19 ramukan rini a ƙasar Kano sun kai 15,000 zuwa 20,000, marina kuwa wajen 50,000. Birni ba shi da wurin da zai ɗauki wannan adadi. Mafi yawansu a garuruwa da ƙauyuka suke, birni shi ne mai kasuwa, da dillalai, da fatomai masu saukar baƙi, da attajirai masu ba da jari.

Akwai wani gefe na labarin da ba a cika faɗa ba, bai kuwa kamata a ɓoye shi ba. Ba dukan hannun da ya noma audugar nan da baban nan ne ya yi don kansa ba. Sarakuna da attajirai suna da rinji da gandaye a kewayen birni, Fanisau na daga cikin sanannu, inda bayi ke noma hatsi da auduga da baba. An kamo su ne daga ƙasashen kudu da gabas, an raba su da iyayensu, a Kurmin nan da ake sayar da riga a nan ake sayar da su. Arahar tufar Kano har da guminsu a ciki.

Sana'ar ta shiga cikin tsarin gari har ta zama ba a raba su. Sunayen unguwanni shaida ne: Soron Ɗinki, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna, ga karofin Zage da na Dala da na Ƙofar Mata. Akwai ma gari sukutum mai suna Karofi a ƙasar Katsina, inda ajali ya riski Sarkin Kano Abdullahi ɗan Dabo, shi ya sa ake ce masa Maje Karofi. Marina suna da shugabansu, Sarkin Karofi, mai raba gardama, mai tsayawa tsakaninsu da fada. A zamanin da baitulmali yana da rabonsa, gama bayan kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin rafi akwai kuɗin karofi, wanda ake karɓa bisa kowane rami. Cikin gaisuwar da Kano ke aika wa Sarkin Musulmi a Sakkwato a wancan zamani riguna suna gaba. Sarauta kanta da tufa ake ba da ita, shi ya sa ake ce mata naɗi, a ce wane ya sami rawani. Ranar hawan Salla kuwa, in hakimai suka jeru a ƙofar fada, ɗan Kura yana walƙiya a rana, rabin kwarjinin aikin 'yan bugu ne. Karofi kuma majalisa ce. Mai jiran zanensa ya zauna, mai wucewa ya tsaya, labarin gari duk a nan ake jinsa. Har ɓarawo ya san amfanin wurin, tun da tufar sata ba ta ɓoyuwa sai an sauya mata launi, abin da ya sa Hausawa ke cewa a rina, an saci zanen mahaukaciya.

Abin da ya raunana sana'ar daga nesa ya taso, ba kuwa a rana ɗaya ya zo ba. A 1897 wani kamfani a Jamus mai suna BASF ya fara sayar da shunin da aka haɗa a ma'aikata, ba gona ba ruwan sama. Cikin 'yan shekaru ya kashe noman baba a Indiya, wadda ita ce ke ciyar da Turai da shi. A watan Fabrairu 1903 sojan Ingila suka ci Kano. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, aka buɗe ta ga ciniki a 1912. A 1911 ɗin nan kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus, sa'an nan yaƙin Kawusan da Faransa a Azbin, 1916 zuwa 1917, ya watsa Buzaye da raƙumansu. Ƙofar arewa ta ƙuntata, ta kudu ta buɗe.

Turawa sun gina hanyar jirgin nan da zaton za su kwashi auduga su kai masaƙun Manchesta. Zaton bai cika ba, dalilin kuwa abin alfahari ne ga masaƙan ƙauye: kuɗin da suke biya a kan auduga ya fi wanda kamfanin Turawa ke bayarwa, manomi kuwa ba ya sayar wa mai arha alhali ga mai tsada. Abin da ya cika jirgin gyaɗa ce. Tun daga kakar 1912 fataken goro, waɗanda suka san kowane ƙauye da kowane mai gari, suka bazu suna ba da gishiri da tufa da kuɗi a kan a shuka musu gyaɗa. Jigawar arewa da yamma da birni, irin ta Tofa da Dawaki da Bichi, ta karɓe ta ƙwarai. Ana cin ta in yunwa ta zo, harawarta abincin dabba ce, ga shi ta biya haraji, wanda Turawa suka haɗe wuri ɗaya suka ce a biya da kuɗinsu. Daga cikin fataken nan Alhasan Ɗantata ya fito ya zama babban attajiri kafin rasuwarsa a 1955. Sunan Kano a duniya ya tashi daga shuni ya koma dalar gyaɗa. Ita ma ba ta dawwama ba, farin shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka share dalar.

Marina dai ba su ba da kai da wuri ba. Da akoko da alawayyo suka cika kantuna, sai suka riƙa saye suna rinawa. Da shunin Turawa da galura suka zo, sai da yawa suka gauraya su da baba, ko suka bar rami suka koma tukunya da garwa, gama abin da rami ke yi cikin makonni galura tana yinsa a yini. Mai noman baba shi ya fara rasa kasuwa, daga baya mai kaɗi, daga baya masaƙi. Aka buɗe masaƙar zamani a Gwammaja, aka buɗe babbar masaƙar Kaduna a 1957, daga baya Bompai da Sharaɗa da Challawa suka cika da ma'aikatu, 'ya'yan masaƙan ƙauye suka zama leburorin inji. Su ma ma'aikatun yawancinsu sun rufe tun daga shekarun 1990, saboda rashin wutar lantarki da kwararowar atamfa da shadda masu arha daga ƙasar Sin. A 2015 marinan Kano, waɗanda yanzu yawancinsu shadda suke rinawa da launin kanti, suka yi jerin gwano zuwa gidan Sarki suna kukan cewa kayan da ake shigowa da su a rine za su raba su da abincinsu.

A Ƙofar Mata har yanzu ana haɗa rami da baba da toka yadda aka gada. Ramukan sun fi 100, amma kaɗan ne ke da ruwa, sauran sun bushe ko sun cika da ƙasa. Masu saye yawanci baƙi ne da masu son zane mai ado na ɗauri, wanda mata ke ƙullawa a gida da zare kafin a kawo a tsoma. A Kura akwai sauran masu turkuɗi da 'yan bugu, suna aika wa Agadas da sauran garuruwan Buzaye, ko da yake ba kamar da ba. A ƙasar Tofa kuwa gero da dawa da wake da gyaɗa suna nan, amma birni ya miƙo ta hanyar Gwarzo, gonakin Janguza da Langel ana yanka su fuloti. Amfanin gonar da ya rage babbar kasuwarsa Dawanau ce, a ƙasar Dawakin Tofa, inda manyan motoci ke lodin hatsi da wake da riɗi zuwa Nijar da Chadi da Kamaru da tashar jiragen ruwa ta Ikko.